Neman injin yankan katako da kuɗin da aka ƙayyade: abin da na rubuta daga Nuwamba zuwa Afrilu

9 ga Nuwamba, 2024

An gama magana a gida, Baffa ya amince. Naira miliyan 9 aka ware, daga shanun da aka sayar da abin da Yaya ya turo daga Kaduna, kuma an ce ko kwabo ba za a ƙara ba. Da yake dala ta haura naira 1,650, kuɗin bai kai dala 5,500 ba. A cikinsa za a sayi injin, a kawo shi, a biya kwastam, a hawo da shi dutsen Mambila har gonarmu da ke kusa da Nguroje.

Abin da muke so shi ne injin katako mai zarton bel, wanda ake kwantar da gungume a kan dogo, a turo kan injin ya bi ta cikinsa a kwance. Ana kwance shi a ɗora a mota. Zaitin (itacen eucalyptus) da marigayi Baba ya shuka ya kai yanka tuntuni, kuma shekara da shekaru masu censo ke shiga su tsaga mana a raba. Ba rigima muka yi da su ba, lissafi ne ya raba mu. Sarƙar censo ƙirar Stihl 070 tana cin milimita 8 zuwa 10 na itace a kowane yanka, ta mayar da shi dusa. Zarton bel kuwa milimita 2 zuwa 3 yake ci. Idan aka gyara gungume ya zama mai kusurwa huɗu, kaurinsa inci 12, censo zai fitar da falanki 9 masu kaurin inci ɗaya, zarton bel ya fitar da 11. Wannan ma idan hannun mai censo bai karkace ba ke nan, kuma yana karkacewa. Shi ya sa kafintoci ke rage wa katakonmu kuɗi: falanki ɗaya, wannan bakin inci ɗaya, wancan bakin inci ɗaya da kwata, sai an ci rabinsa a injin goge katako kafin ya miƙe.

Aikin da aka ba ni shi ne zaɓen injin. Zan riƙa rubuta inda aka kwana.

17 ga Nuwamba, 2024

Kafin in buɗe hoton inji ko ɗaya, mun shiga gona da tef da alli, ni da ƙanena. Yawancin itatuwan da suka isa sara kaurinsu daga inci 14 ne zuwa 20. Na bakin rafi ne kaɗai suka kai 24, kuma ba su da yawa. Ke nan ba mu da buƙatar inji mai ɗaukar inci 30 ko 36, wanda kowa ke sha'awa idan ya gani a bidiyo.

Tsawo ne abin dubawa. Kasuwar katako a ƙasar nan ƙafa 12 ta sani, ko 2x4 ne, ko 2x6, ko 1x12. Wanda ya kai ƙafa 10 kasuwa, rabin kuɗi za a taya masa. To ƙananan injinan nan masu araha, dogon da suke zuwa da shi ƙafa 10 zuwa 11 yake yankawa, sai an sayi ƙari. Duk farashin da na gani daga yau, sai na ɗora masa kuɗin ƙarin dogo kafin in kwatanta shi da wani.

Sai nauyi. Ɗanyen gungumen zaiti mai inci 20 da tsawon ƙafa 12 ya haura rabin tan. Babu injin ɗaga kaya a gonarmu, mutane ne da sanduna da igiya za su mirgino shi. Dogon da za a riƙa jefa wa wannan nauyi kullum, dole ƙarfensa ya yi kauri, ko a samu mai walda ya ƙarfafa shi.

30 ga Nuwamba, 2024

Makonnin nan na yi su ne a karatun kamfanoni, duk lokacin da sabis ya yarda.

Sunan da ya fi kowanne girma shi ne Wood-Mizer. A Indiyana ta Amurka aka kafa shi a 1982, kuma kusan su ne suka yaɗa irin wannan inji mai siririn zarto a duniya. Suna da masana'anta a garin Koło na ƙasar Folan, suna da reshe a Afirka ta Kudu, kuma su ke ƙera zartonsu da kansu. LT15 ɗinsu yana ɗaukar gungume mai inci 28, dogonsa yana yanka wajen ƙafa 17 ba tare da ƙari ba. Idan da a ce kuɗi ba matsala ba ne, da a nan maganar ta ƙare, ban ma buɗe wani shafi ba. Amma kuɗinsa kaɗai, tun bai bar inda yake ba, ya wuce duk abin da muka ware. Suna da ƙananan samfura masu lamba LX, sai dai su ma idan aka haɗa da jirgi da kwastam babu sauran canjin da za a sayi zarto.

Norwood na Ontariyo ne a Kanada, tun 1993. Nasu a kwali yake zuwa, kai za ka ɗaure shi noti bayan noti, kuma an tsara shi yadda za ka fara da kaɗan ka riƙa ƙara masa kaya daga baya, har da na'urar ɗaga gungume. Tsari ne mai kyau ga wanda ke kusa da su. Mu da kowane ƙari sai ya ƙetare teku, ba a yi shi dominmu ba. Suna da ƙanen kamfani mai araha, Frontier, da samfura OS23, OS27 da OS31. Lambar ita ce kaurin gungumen da yake ɗauka.

Sai Woodland Mills, su ma 'yan Ontariyo, da HM122, HM126 da HM130MAX. Nan ma lambobi biyu na ƙarshe su ne incin. A duk abin da na karanta, HM126 ne ya fi zama daidai da gumaguman da muka auna, kuma kuɗinsa bai kai rabin na LT15 ba. Masu shi suna yabonsa, littafin haɗa shi a fili yake, kayan gyara suna da lamba. Shi da OS27 kusan tagwaye ne a girma da farashi.

Akwai Logosol na Suwidin, aiki mai tsabta, kuɗin Turai. Akwai TimberKing da Hud-Son a Amurka. Akwai kuma ɗan ƙaramin da kantunan Harbor Freight ke sayarwa, wanda ya fi duka araha, amma inci 20 ne iyakarsa kuma injinsa ƙarami ne. Na cire shi saboda girman itatuwanmu.

Wani abu da ya kamata mai saye ya sani: lambar da aka rubuta ta gungume ce, ba ta falanki ba. Faɗin falankin da zai fita tsakanin madogaran zarto bai kai wannan lambar ba, da 'yan inci kaɗan. Mu 1x12 ne mafi faɗin abin da muke sayarwa, don haka inci 26 ya ishe mu har da rara.

Jerin ya rage saura biyu: HM126 da OS27.

8 ga Disamba, 2024

Na kai wa makanikinmu takardun a Gembu, mutumin da ya shekara talatin yana kwance janareto da injin niƙa. Bai kalli hoton injin ba, kai tsaye ya tafi kan ƙarfin doki.

Abin da ya tuna min shi ne muna kan tudu. Mambila tana wajen mita 1,600 sama da teku, iskarta ba ta da kauri, kuma injin fetur yana rasa kashi 3 zuwa 3.5 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Injin da aka rubuta masa doki 14, a gonarmu bai kai 12 ba. Mai doki 9.5 zai koma wajen 8. Duk direban da ya taso daga Serti ya wuce Mayo Selbe ya fara hawan dutse ya san wannan a ƙafarsa. Kuma zaiti ba itace ne mai laushi ba. Saboda haka ƙaramin injin da ake ragewa kuɗi da shi ba namu ba ne, kuma kowanne muka saya sai an sauya masa jet na kafireta zuwa ƙarami, in ba haka ba zai riƙa shan mai yana baƙanta fulogi.

Ya kuma tambaye ni wane irin inji ne a kai. Na ce HM126 da Kohler yake zuwa. Ya ce, "Inji ne mai kyau, ɗana. Amma ka zaga shagunan nan ka tambayo min fistin ɗinsa." Na zaga. Abin da ke rataye a kowane shago kayan Honda GX390 ne da 'yan Chaina masu kwaikwayonsa, 188F da 190F, waɗanda ke cikin manyan janaretocin gida. Ringi, kafireta, igiyar tayarwa, kowane yaro a garejin ya san su. Wannan magana ta zauna min a rai.

Na lantarki kuwa ba a ma kawo shi. Tun muna yara ake mana albishir da madatsar Mambila mai megawat 3,050, har yau da fitilar sola muke karatu.

21 ga Disamba, 2024

Wani abokin Yaya ya ce me ya sa ba mu duba Lucas Mill ba, na Ostireliya, ƙasar da zaiti ya fito. Na duba. Ba zarton bel ba ne, faifai ne mai haƙora kaɗan, yana yanka a kwance ya juya ya yanka a tsaye. Ba a ɗaga gungume, injin ake kafawa a kansa inda ya faɗi, kuma ana wasa haƙoran a jikin injin cikin 'yan mintuna. Don 2x4 da 2x6 daga manyan itatuwa masu tauri, ban ga kamarsa ba. Peterson na Niyu Zilan ma irinsa ne.

Sai dai Lucas Mill yana cin itace kusan ninki biyu na zarton bel, babbansa inci 10 yake yankawa a wuce ɗaya, kuma kuɗinsa ya yi mana nisa ƙwarai. An rufe wannan babi.

5 ga Janairu, 2025

Yanzu na gane inda kuɗin wannan sana'a yake, kuma ba a jikin injin ba ne.

Zarton irin waɗannan injina faɗinsa inci ɗaya da kwata ne, kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da ɗan kai ba. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu yana yanka sai ya dakushe, a cire a sa wani. Idan ɓawon gungumen yana da yashi ko laka, kamar namu da ake ja a ƙasa, ko awa ɗaya ba zai yi ba. Dakusasshen zarto ba ya tsayawa, hawa da sauka yake yi a cikin itacen, falanki ya fito da tudu da kwari, ka koma gidan jiya. Ke nan yini ɗaya na aiki yana cin zarto uku ko huɗu.

Bature a Kanada idan nasa suka dakushe, kwali yake zubawa ya aika, a wasa a dawo masa da su, ko ya danna waya a kawo sababbi cikin mako. Mu fa? Masu gyaran zarto da ke manyan injinan katako na kudu, irin waɗanda ake kira CD, da faffaɗan zarto suka saba, kayan aikinsu ba na wannan siririn ba ne. Ko da sun iya, wa zai riƙa saukar da zarto daga kan dutse zuwa Jalingo ko Makurɗi duk mako? Dole mu mallaki abu biyu tun ranar farko: injin washi, da na'urar buɗa haƙora. Na biyun ana yawan mantawa da shi. Haƙoran zarto ɗaya yana karkata dama, ɗaya hagu, ɗaya a tsaye, don hanyar da suke buɗewa ta fi jikin zarton faɗi. Idan karkatar ta ragu zarto ya yi zafi ya maƙale, idan gefe ɗaya ya fi ɗaya sai ya ja zuwa can. Akwai ƙananan injinan washi masu aiki da batirin mota, volt 12, waɗanda faifan sola ɗaya zai riƙe.

Akwai kuma kusurwar haƙori. Digiri 10 shi ne na gama-gari, da shi yawancin injina ke zuwa. Digiri 7 da 4 na itace mai tauri ne. Ɗanyen zaiti sabon sara 10 zai yi masa, amma wanda ya kwana biyu a ƙasa ya fara bushewa, sai an sauko. Zan nemi kashi biyu.

Abin da ya fi muhimmanci ga zaɓen inji shi ne tsawon zarto. HM126 inci 144 yake ɗauka, LT15 inci 158. Waɗannan tsayi biyu kusan duk masu ƙera zarto a duniya suna yin su. Injin da ya zo da wani tsayi nasa na daban ya ɗaure ka a hannun mai shi har abada. Na sa wannan a sahun farko na sharuɗɗa, sama da sunan kamfani.

Da na zauna na haɗa zarto 40, injin washi, na'urar buɗa haƙora, duwatsun washi, bel-bel da boris na ajiya, sai na ga sun kama kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinmu. Kuma ba abin da za a cire a ciki.

19 ga Janairu, 2025

Lissafin jirgi ya watsa jerin nawa. Woodland Mills da Frontier a Kanada aka zana su, amma a Chaina ake ƙera su. Idan na saya daga Amurka ko Turai, injin ya riga ya hau teku sau ɗaya, an biya masa haraji a can, sannan in sake ɗora shi a wani jirgin zuwa Legas in biya namu. Abin da kake saya da wannan ƙarin kuɗi shi ne garanti, da mai ɗaukar waya idan abu ya lalace, da kayan gyara cikin kwana uku. Duka ukun a bakin teku suke tsayawa. Garanti zai iya ba ka boris kyauta, kuɗin kawo shi Nguroje ya ninka na boris ɗin sau goma.

Da na haɗa HM126, ƙarin dogo, jirgi, kwastam da mota daga Legas, kuɗin ya cinye miliyan 9 ɗin, babu zarto, babu washi. OS27 ma haka.

Hanya ta uku ita ce sayen irin wannan inji kai tsaye daga masana'antun lardin Shandong na Chaina, inda ake ƙera su da yawa ba tare da wani sanannen suna ba. Na kai wa Baffa maganar bayan la'asar. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Araha ba ta ado. Shanu na sayar, ba kaji ba."

Na ce, "Gaskiya ne, Baffa. Amma ku duba, mai sunan idan ya iso ba mu da abin da za mu sa masa ya yi yanka wata biyu. Wannan kuwa ko ya zo da aibi, aibin ƙarfe ne da noti, kuma muna da mai walda."

Ya ce, "Idan ya zo ba ya aiki, wa za ka kama?"

Ba ni da wanda zan kama, na kuma faɗa masa haka. Hatsarin gaskiya ne. A cikin masana'antun nan akwai na ƙwarai, akwai masu rage kaurin ƙarfe, akwai wanda ma ba shi da masana'anta, hoton wani yake nunawa. Mai suna ya riga ya yi maka wannan tacewa, kuma kuɗinta yake karɓa. Da a Kanada nake zaune, HM126 zan saya in yi barci. Da kuɗinmu ya ninka, LT15 zan nema ta Afirka ta Kudu. A nan, da wannan kuɗi, ra'ayina shi ne a sayi ƙarfe mai sauƙin gyara a zuba ragowar a zarto.

Baffa ya ce a kira Yaya. Yaya ya goyi bayana da sharaɗi ɗaya: ba za a biya cikon kuɗi ba sai wani namu ya ga injin da idonsa yana yanka.

12 ga Fabrairu, 2025

Ba a yi komai ba. Sabuwar shekarar Chaina ta kama 29 ga Janairu, masana'antu sun rufe, sai yanzu suke dawowa ɗaya bayan ɗaya. A nan gida kuma kwastam sun fara karɓar sabon kashi 4 cikin 100 a kan kuɗin kaya, 'yan kasuwa suka yi ca, jiya aka ji an dakatar. Na bar masa gurbi a lissafi duk da haka. Abin daɗi ɗaya, dala ta ɗan sauko zuwa wajen 1,500.

6 ga Maris, 2025

Azumi ya shiga, aikin ya koma na dare. Daga masana'antu da dama da na tuntuɓa, na tsaya a kan wadda ta amsa tambayoyina da lamba, ba da "babu matsala, aboki" ba. Wata da ta fi ta araha na bar ta saboda na tambayi kaurin ƙarfen dogo sau da yawa, kullum sai a turo min bidiyo.

Abin da aka rubuta a takardar ciniki: kan inji mai ɗaukar gungume inci 26, mai ginshiƙi huɗu don kada ya yi rawa. Wili biyu na zubin ƙarfe masu inci 19, da bel a bakinsu irin wanda ake samu a kasuwa. Zarto inci 144. Duk boris mai lamba ta gama-gari, irin su 6203 da 6205, a rubuta lambar kowanne. Dogo mita 6, wanda zai ba mu ƙafa 12 da sarari, har ƙafa 16 idan wani ya yi oda. Na so mai waldarmu ya ƙera dogon a nan don rage nauyi, shi da kansa ya hana, ya ce ƙarfen kwana na kasuwa da wuya ka samu miƙaƙƙe, kuma duk karkatar da ke dogo sai ta fito a falanki. Ya ce a kawo nasu, shi zai ƙara masa ƙafafu da gindi.

Ba inji a kai. Za mu sayi GX390 a nan, inda idan an ba mu jabu mun san ƙofar da za mu koma. Sun turo zanen farantin da injin zai zauna da girman kulocin.

Da zarto 40, injin washi da na'urar buɗa haƙora, duka bai kai dala 3,000 ba a bakin tashar Qingdao. An biya kashi 30 cikin 100 kafin alƙalami. Kayan ba su cika kwantena ba, don haka za su bi masu haɗa kaya, waɗanda ke caji da girman akwati su kuma fitar maka da shi daga kwastam zuwa sito a Legas. Wani ɗan Kano da ke zaune a Gwanzu, wanda Yaya ya daɗe yana hulɗa da shi, ya yarda zai je dubawa. Shandong tana da nisa sosai daga Gwanzu, mu za mu biya masa jirgin ƙasa da masauki. Baffa ya ce wannan ne kuɗin da ya fi kowanne halatta a cikin lissafin.

5 ga Afrilu, 2025

Bayan Sallah mutuminmu ya je. Na ba shi jerin abin da zai duba: ya auna kaurin ƙarfe da kansa, ya ja zare daga farkon dogo zuwa ƙarshe, ya juya wili da hannu ya ga ko yana layi, sannan a ɗora injin gwaji a yanka gungume a gabansa, ya auna falankin a baki biyu da tsakiya. Kaurin ya zo daidai. Abu biyu ya samu: madogarar zarto ɗaya ba ta matsawa sosai, kuma sikelin auna kauri na santimita ne kawai. An gyara na farko yana tsaye, an ƙara sikelin inci. An biya ciko.

Makaniki ya ja kunnena kan injin da za a saya. Wanda ke cikin janareto bakin sandarsa tsukakke ne, kuloci ba zai zauna a kai ba. Namu sai mai miƙaƙƙiyar sanda inci ɗaya, mai ramin ki, irin na injin niƙa. Ya ce kada a aiki yaro, shi zai je da kansa. Idan yana cikin aiki sosai wajen lita 3 yake sha a awa, na sa wannan a lissafin kowane falanki.

27 ga Afrilu, 2025

Kaya suna kan ruwa. Ejan masu haɗa kayan ya ce mako shida zuwa takwas, ban da abin da tashar Legas za ta ci. Ruwan sama ya riga ya sauka a nan, ke nan a tsakiyar damina motar za ta bi Bali da Serti ta hau dutse. Akwatin dogo ne abin damuwa, an ce a samu ƙaramar mota daga Serti maimakon babba.

A gona an share fili a gefen tudu, yadda gungume zai gangaro kan dogo da kansa maimakon a ɗaga shi. An kafa rumfar kwano, an zuba dakali shida na siminti inda ƙafafun dogo za su zauna, an daidaita su da tiyon ruwa. Takardar izinin sara tana wurin malaman daji, sun ce a dawo bayan an buga wa itatuwan lamba.

Ba za mu sare komai ba sai injin ya iso. Zaiti yana da ɗaurin ciki, da an kayar da shi bakinsa ke fara tsagewa, kuma idan ana yanka shi falanki yana lanƙwashewa tun bai bar kan dogo ba. Maganinsa a yanka shi da wuri, a cire ɓawo, a shafa fenti a baki biyu, a yanki gefe ɗaya a juya shi a yanki kishiyarsa don ɗaurin ya saki daidai, a kuma bar ɗan rara a kauri. Juyin nan da hannu za a yi shi, don haka mai walda yana ƙera mana ƙugiyoyin mirgina gungume guda biyu. An tanadi sanduna na jera katako a inuwa.

Bayan injin Honda, jirgi, motar Legas da rumfa, abin da ya rage a hannu bai kai naira miliyan ɗaya ba, kuma na fetur ne da ladan ma'aikata na watan farko. Ƙanena ne zai koyi washi. Na samo masa tsohon zarton bel daga wani kafinta a Gembu, ya fara koyon auna karkatar haƙora da shi kafin namu su zo.